Sabuwar Capri da matsalar taya a titunan Zariya

Dattawan da suka san Ford Capri ta asali, wadda aka ƙera daga 1969 zuwa 1986, suna tuna gajeriyar mota mai ƙofa biyu da dogon hanci. Wadda kamfanin ya fito da ita a 2024 suna kawai ta gada, domin doguwa ce, da batir take tafiya, kuma a birnin Kolon na Jamus ake haɗa ta a kan ginshiƙin motocin lantarki na Volkswagen. Wata goma ke nan ina tuƙa ta tsakanin Samaru da Tudun Wada, wani lokaci har Kaduna, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina a tsawon wannan lokaci shi ne ƙafafunta.

Kafin in saye ta, cajin batir nake tsoro, saboda halin wutarmu. Sola ta rage mini wannan damuwa. Tayar da ban taɓa sawa a lissafi ba ita ce ta ajiye motar kwana tara a gida, bayan wani rami da ruwan Agusta ya ɓoye kusa da Kwangila ya tsaga gefen tayar baya. Mai faci ya duba ya ce tsagar gefe ba ta ɗinkuwa, kuma motar ba ta zo da safaya ba, sai ɗan famfo da kwalbar gam, waɗanda hudar ƙusa kaɗai suke magani.

A nan na gane cewa tayoyin ba girmansu ɗaya ba. Na gaba 235/55 R19 ne, na baya kuma 255/50 R19, sun fi faɗi, saboda injin a baya yake kuma shi ke tura motar. Wannan ya sa al'adarmu ta mayar da tayoyin baya gaba domin su ci daidai ba ta yiwuwa. Na zagaya Sabon Gari ban samu lambar ba, sai daga Legas aka aiko mini. Wani mai shago ya so ya lallashe ni da tayoyi 'yan Kwatano masu kauri, amma da na duba gefensu na ga alamar dutse da ƙanƙara, wato na hunturun Turai ne, kuma robarsu mai laushi ba za ta jure kwaltar Afrilu ba.

Nauyin motar ya haura tan biyu, kaso mai tsoka daga ciki na batir ne, kuma injin lantarki yana sakin ƙarfinsa gaba ɗaya da zarar an taka totur. Waɗannan biyun ne ke cinye tayar baya. Shi ya sa na zaɓi masu lambar ɗaukar nauyi 105 a gaba da 107 a baya, wato kilo 925 da 975 ga kowace taya, na kuma duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera su. Sababbin sun ɗan fi na asali ƙara a kan kwalta, abin da ba za a ji a motar fetur ba, sai dai sun fi su haƙuri da tsakuwa.

Batun rim ya fi ba ni mamaki. Bakanike ya ce tun da Ford ce, a nemo na Focus ko Escape. Ramukan kusoshin waɗancan tazararsu milimita 108 ce, na Capri kuwa 112, irin na Volkswagen da Audi, don haka a rumfar 'yan Golf ya kamata mutum ya fara tambaya, kuma ko a can sai an gwada zaman rim ɗin a kan cibiya.

Motar tana da daɗin tuƙi, kuma ban yi nadamar sayenta ba. Da zan sake zaɓe, a kan rim mai inci 19 zan tsaya, domin masu inci 20 da 21 sun fi kyau a ido amma gefen tayarsu siriri ne. Yanzu akwai tayar baya guda da jak a but ɗina, ko da yake sun cinye rabin wurin kaya.