Faransanci ko Larabci: wanne za a saka yaro a Cadi?

A takarda, Faransanci da Larabci duk harsunan hukuma ne a Cadi. A aikace kuwa, ba ɗaya suke ba.

Faransanci shi ne harshen ofis tun kafin samun 'yancin kai a 1960. Yawancin wasiƙun ma'aikatu, takardun banki da na kamfanonin mai da shi ake rubuta su. Matsalarsa, yaron ƙauye yakan shiga aji ɗaya bai taɓa jin kalma ɗaya ba, sai ya yi ta hadda ba fahimta.

Larabci kashi biyu ne, kuma nan iyaye ke ruɗewa. Wanda ake ciniki da shi a kasuwar Njamena ko Abeche Larabcin Cadi ne, irin na Shuwa. Na makaranta kuwa Fusha ne, mai nahawu da i'irabi, don haka iya na kasuwa ba ya sa yaro ya rubuta wasiƙa. Mai Fusha yana da hanya zuwa Jami'ar Sarki Faisal a Njamena, ko Sudan da Masar. Amma in ya dawo neman aikin gwamnati ba Faransanci, sau da yawa koyarwa ce ke jiransa.

A kudu, wajen Mundu da Sar, makarantar Faransanci ta fi yawa nesa ba kusa ba.