Ranar da aka miƙo mini sifana a Birmingham

Tun da na gama bautar ƙasa sunana na yanka ya ɓace a gidanmu. Kowa Injiniya yake ce mini, har kakata da ba ta san abin da kalmar take nufi ba. In na je Yauri hutun sallah, tun daga tasha ake jefo mini "Injiniya, sannu da hanya." Da wannan suna na shigo Ingila, na yi shekara 4 a Birmingham ina yawo da shi ba wanda ya tuhume ni. Sai wata Asabar wani tsoho ɗan shekara 74 ya tuɓe mini shi a gaban matarsa da agwagin ruwa, shi kuwa bai ma san ya yi ba.

Maƙwabcina ne. Baba nake ce masa, domin bakina ya ƙi yarda in kira sa'an mahaifina da sunansa gatsal kamar yadda suke yi a nan. Ya daɗe yana ce mini in zo mu fita a jirginsa na ruwa, ina ta kewaye-kewaye, ran nan dai na ce to.

Kada ku kawo jirgin attajirai a ranku. Wani dogon abu ne siriri na ƙarfe, kamar an cire wa tirela tayoyi an ɗora ta a ruwa. Faɗinsa bai cika ƙafa 7 ba, tsawo kuwa wani yakan kai ƙafa 70. A ciki akwai gado da murhu da banɗaki, wasu ma a nan suke kwana su tashi saboda tsadar haya. Ruwan da suke bi ba kogin Allah ba ne, hanyoyi ne da aka haƙa da hannu don jigilar kaya kafin zuwan jirgin ƙasa. Ta farko a Birmingham tun 1769 aka fara shigo da kwal ta cikinta. Yanzu wata ƙungiya mai suna Canal & River Trust ke kula da kimanin mil 2,000 na waɗannan hanyoyi, tun 2012. Dokar gudu kuwa mil 4 a awa ɗaya. Wallahi wata mata mai tura yaro a keke ta wuce mu ta gefen gaɓa, har tana ɗago mana hannu. Ni da na tashi ina ganin 'yan fito suna murɗa Yamaha ruwa na tsagewa biyu, sai na ji kamar gawa muke rakawa.

Mun yi kamar awa biyu muna wannan tafiyar hawainiya sai injin ya yi tari sau uku, ya ja numfashi, ya yi shiru. Gabana ya faɗi. Na duba fuskar Baba, sai na ga murmushi har kunne, kai ka ce albishir aka yi masa. Ya jawo jirgin gefe da igiya, ya ɗaure, ya ɗage katakon da muke tsaye a kai. Ga inji nan kore shar, tsaf-tsaf, ko ɗigon baƙin mai babu a ƙarƙashinsa. Ya sa hannu ya kwance matatar mai, ya nuna mini wani baƙin dattin da ya toshe ta mai yauƙi kamar karkashi, ya ɗauko sabuwa a cikin akwati ya ɗaura. Sannan ya juyo ya danƙa mini sifana.

"Ai yau na huta, tunda ga injiniya a jirgi. Fitar mana da iskar da ta shiga layin mai, ni bari in ɗora shayi."

Ya shige ciki ya bar ni.

Jama'a, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Na san yadda injin gas yake aiki, in ka ba ni allo zan zana maka yadda ake matse iska har ta yi zafin da mai zai kama da kansa ba tare da fulogi ba, in haɗa maka da lissafi shafi uku. Na ci jarrabawa a kan haka da maki mai kyau. Amma kusar da ake sassautawa iska ta fita, ban san inda take ba. Shekara 5 na yi a jami'a, injin da ke ɗakin gwajinmu ya mutu tun kafin a ba mu gurbin karatu, zagaye shi kawai muke yi da littafi a hannu muna kwafar sakamakon 'yan ajin bara. Na durƙusa ina taɓa wannan noti in taɓa wancan, gumi na keto mini cikin sanyin da ke sa haƙori kaɗawa.

Matarsa ce ta leƙo, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, da cokalin shayi a hannu. Ta dube ni na ɗan lokaci. Ba ta yi dariya ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta nuna wata 'yar kusa a saman matatar da cokalin nan, ta ce in sassauta ta kaɗan. Ta nuna wani ɗan hannu a jikin famfon mai, ta ce in riƙa danna shi har kumfa ya daina fitowa, in na ga zallan mai in ɗaure. Abin da ta faɗa ke nan, ta koma ciki. Minti 10 bai cika ba Baba ya murɗa makulli, inji ya tashi. Ya dafa kafaɗata ya ce aikina ya yi kyau. Ban taɓa jin yabon da ya yi mini ciwo kamar wannan ba.

Da muka zauna shan shayi ya warware mini dalilin. In tanki bai cika ba lokacin hunturu, raɓa na taruwa a cikinsa ta kwanta a ƙasan mai. Man gas na yanzu kuma ana gauraya shi da wani kaso na man tsirrai, wanda ke jan ruwa. A tsakanin ruwan da man wasu ƙwayoyin halitta ke hayayyafa, su ne wannan yauƙin. Ya ce laifinsa ne, bai cika tanki ba kafin sanyi, ya kuwa ɗauko wani littafi da ya sha jiki ya rubuta haka da hannunsa: rana, awar da inji ya yi, abin da ya faru, abin da aka canja. Na karɓa na duba. Duk awa 250 an yi juye. Ranar da aka canja fanbel tana nan, ranar da aka matsa giris a wuyan farfela tana nan, har lambar kowane abu da inda aka saye shi. Littafin ya girmi ƙanwata da ke da 'ya'ya uku.

Daga baya na gane Baba ba shi kaɗai ba ne. Ya yi shekaru yana haɗa injuna a masana'antar motoci ta Longbridge, wadda aka rufe a 2005 mutum kusan 6,000 suka rasa aiki. A mashigar da yake ajiye jirginsa, in ka bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan tsohon bakaniken soja ne, wancan ya yi aikin jirgin ƙasa, ga mai walda, ga wanda ya ƙare rayuwarsa a gyaran tarakta. Amma akwai malamin makaranta da akanta, har da wani likitan haƙori, duk hannunsu baƙi ƙirin ranar Lahadi. Wanda bai iya ba yana zuwa kwas na yini ɗaya ko biyu ya koyi sabis. Hirarsu ba ta wuce inji: wane ne ya fi tsakanin tsohon Lister mai bugawa kamar ana daka da sabon Beta da aka gina a kan injin Kubota. Sai su yi awa guda suna musu a kan ƙarar da ni ban ma ji ta ba.

Kada in cika ku da yabo, ba tsabar kirki ne ya sa su haka ba. Tsada ce. A ƙasar nan hannun mutum ya fi ƙarfe kuɗi. In ka kira makaniki, kafin ya taɓa komai akwai kuɗin zuwa, sannan a lissafa maka awa-awa, har lokacin da yake tsaye yana kallon injin yana sosa ƙeya. Ni na ɗanɗana. Motata ta daina cajin batir, na buga waya wani gareji, aka ce in zo bayan kwana 12. Kwana 12! Na kai, suka jona mata kwamfuta, suka caje ni kuɗin jonawar, sannan suka gaya mini abin da na riga na gaya musu a waya. Na ce to a buɗe a gyara. Yaron ya dube ni kamar na ce a yi mata rukiyya. Ba a gyarawa, sai dai a cire a jefar a sa sabo. Kuɗin da na biya ranar zai yi wa gidanmu cefanen wata biyu da canji.

A hanyar komawa gida ba abin da nake tunawa sai mai rewayar da ke bakin kasuwarmu, wanda zai zauna a kan benci ya warware wayar tagulla ya sake naɗa ta da hannu, ka sha fura kafin ka gama ya gama, ku yi ciniki ka ce "Allah ya ba mu alheri, Oga, ka rage mini," ya rage. Na tuna Panteka a Kaduna, inda in abu ya gagara samuwa sai a narka ƙarfe a ƙera maka shi. Na tuna yadda mota kan mutu maka a daji ka buga waya bakanike ya hau acaɓa ya same ka, ko da ana kiran magariba. Nan ko za ka mutu, in ƙarfe 5 ta yi an ja ƙofa. Ranar har ƙamshin baƙin mai da ƙurar gareji na yi kewa.

Sai dai akwai inda suka yi mana nisa, kuma shi ya sa tsoho irin Baba yake iya gyara da kansa hankali kwance: kayan gyara ba sa yi masa ƙarya. Injin da ya girme ni, sai ya karanta lambar da ke jikinsa, ya shiga intanet, washegari ɗan aike ya jefo masa ainihin abin ta ƙofa, ya shiga daidai ba sai an goge ko an ɗora masa leda ba. In bai yi ba ya mayar a ba shi kuɗinsa. Ku da ke gida kun san wasan da ake yi a Ƙofar Ruwa, ba sai na faɗa ba. "Gangariya kake so ko ta biyu?" Ka biya kuɗin gangariya, kwali gangariya, abin ciki Allah masani. Yaya mutum zai koyi gyara alhali bai san ko hannunsa ne ya kuskure ko kayan ne jabu ba?

Da na zauna na yi tunani, sai na ga ashe abin da ya burge ni a wurin Baba na baro shi a gida ban taɓa ɗaga ido na kalle shi ba. Kawuna ɗan fito ne a bakin ruwan Yauri. Ko aji ɗaya bai yi a boko ba, amma na sha ganinsa ya shimfiɗa buhu a gaɓa, ya wargaza Yamaha mai doki 40 ɗai-ɗai, ya wanke kafireta da fetur a cikin gwangwanin madara, ya hura, ya mayar, ya ja igiya ta tashi. Ba littafi, ba lamba, ba ɗan aike. Da kunne yake gane an cika wa fetur baƙin mai ko an rage. Ina wucewa ta gabansa da farar shadda, shi ne ma yake ce mini Injiniya. Ko sau ɗaya ban taɓa tsugunawa na ce Kawu nuna mini ba, saboda mu 'yan boko mun ɗauka sifana ta wanda ya kasa karatu ce. Janareto ya ƙi tashi, a kira yaro. Ƙwan fitila ya mutu, a kira yaro. Alhaji zai yi shekara 20 yana tuƙa mota bai san inda ake duba mai ba, kuma abin alfahari ne a wurinsa.

Su kawu kuma nasu laifin daban. Gwanaye ne wajen tayar da abin da ya mutu, amma ba wanda zai taɓa inji matuƙar yana motsi. Sai ya tsaya a tsakiyar Kainji da mutane da buhuna da babura a ciki sannan a fara neman fulogi. Ruwan da Baba ke bi, a wurare da yawa in ka faɗa ka miƙe tsaye iyakarsa ƙirji. Duk da haka ba a ba shi lasisi sai da inshora da takardar shaidar lafiyar jirgi, wadda ake sabuntawa duk shekara 4 bayan mai dubawa ya bi layin mai da na iskar girki da wayoyin wuta da abin kashe gobara. Mu da ke da ruwa mai cin mutum fa? A watan Mayun 2021 jirgin da ya nufi Warrah a Ngaski ya nutse da mutum sama da 150 a cikinsa, aka ce tsoho ne kuma lodi ya yi masa yawa. Shekarar ba ta ƙare ba aka sake yi a Bagwai, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Muka yi ta'aziyya, aka yi alkawarin rigunan ruwa, kasuwa ta sake ci aka sake lodi. Ina zaune a jirgin da ke tafiya a hankali fiye da mai keken jarirai, da abin kashe gobara uku rataye a bango, abin ya tsaya mini a wuya.

Satin da ya biyo baya na sayi akwatin sifana. Yanzu duk Lahadin da ba ni da aiki ina wurin Baba, ni ne ƙaramin yaron gareji. Ya koya mini buɗe ramin da ke saman farfela in zura hannu har kafaɗa cikin ruwan ƙanƙara in ciro ledoji da tsumman da suka naɗe ta, aikin da na lura tun da na zo ya daina yi da kansa. Watan jiya na yi wa motata juye da hannuna a ƙofar gida, na ɗauki hoto ina kwance a ƙarƙashinta da baƙin mai har goshi, na tura zauren WhatsApp na gidanmu ina jiran a yaba.

Yayata ce ta fara amsawa, da muryar kuka-kuka: "Innalillahi, Injiniya, abin har ya kai haka? In Turan ta ƙi ka dawo gida mana." Can da dare sai ga saƙon murya daga wayar ɗan Kawu. Kawun ne da kansa, ana jin ƙarar ruwa a bayansa. Bai gaishe ni ba ma. Cewa ya yi an nuna masa hoton, wane sakarai ne ya koya mini shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai ban sa mata waigi ba.