Sun iya aiki, amma suna wa masu taba kamun ƙafa

Wani kamfanin hulɗa da jama'a da ke Wuse, Abuja, shi ƙungiyarmu ta ɗauka ya shirya mana taron wayar da kai kan ciwon huhu. A aikin ba ni da abin kushewa. Gayyata ta fita da wuri, 'yan jarida sun cika zauren, matashiyar da ta kula da mu har ruwan sha ta bi kujera-kujera tana dubawa. Kuɗinsu da ɗan tsada, amma sun ci guminsu.

Daga baya manajansu ya faɗa min, ko a jikinsa, cewa suna yi wa wani kamfanin sigari kamun ƙafa wajen 'yan majalisa don a sassauta haraji. Wai kowa da haƙƙin a ji ta bakinsa. Ban yarda ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar hana taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005, kuma sashe na 5.3 ya ce a nisanta kamfanonin taba daga tsara manufofin lafiya. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar da sigari kara ɗai-ɗai, amma yara na saye a teburin mai shayi.

Masu shirya taron kasuwanci za su ji daɗinsu. Ƙungiyar lafiya kuwa, ta nemi jerin abokan hulɗarsu kafin ta sa hannu. Mu mun janye.