Wane Layin Waya Ya Fi Dacewa da Mai Zama a Ƙasar Waje?

Wanda zai zauna a wata ƙasa don karatu ko aiki yana da zaɓi uku game da waya: ya ci gaba da amfani da layinsa na gida ta tsarin romin, ya ɗora eSIM na matafiya (wato sim da ake saukewa a waya ta intanet ba tare da an zura katin sim ba), ko ya sayi layin ƙasar da ya sauka. Abubuwa biyu ne ke raba gardama, wato tsawon zaman da zai yi da kuma hidimomin da ke rataye da tsohuwar lambarsa.

Romin ya fi sauƙi, domin da an sauka daga jirgi aka kunna waya sai layi ya kama, amma shi ne mafi cin kuɗi, kuma sau da yawa har amsa kira ana caja. Bai kamata a dogara da shi fiye da kwanakin farko ba. Tarayyar Turai ce ta fita daban, inda tun ranar 15 ga Yunin 2017 mai layin ɗaya daga cikin ƙasashenta ke amfani da shi a sauran ba tare da ƙarin kuɗi ba, sai dai an tsara wannan ne don tafiye-tafiye, ba don zaman dindindin ba, kuma wasu kamfanonin Birtaniya sun dawo da caji bayan ficewar ƙasar daga Tarayyar.

Shi kuwa eSIM na matafiya ana sayensa ta intanet tun kafin tashi, amma yawancinsa data ce kawai babu lamba, alhali mai gidan haya da banki da wurin aiki duk lambar cikin ƙasa za su nema.

Don haka mai dogon zama ba shi da makawa sai layin ƙasar, kuma a nan ne ya kamata a yi hattara. Akwai tsarin sa kati kafin amfani, akwai kuma kwantiragi na wata 12 ko 24, wanda yakan buƙaci asusun banki na ƙasar da binciken tarihin biyan bashi, abubuwan da sabon zuwa bai mallaka ba tukuna. A ganina gara a fara da na kati, a gwada ƙarfin sabis a cikin ɗakin kwana da wurin aiki, kafin a sa hannu a takardar da warware ta ke jawo tara. A tafi da fasfo wurin saye, domin ƙasashe irin su Jamus, tun 2017, ba sa buɗe layi sai an tantance mai shi.

Ita kanta wayar a tabbatar ba a kulle take ga kamfani ɗaya ba, kuma tana ɗaukar layi biyu. Manyan kamfanonin Amurka sun rufe 3G a 2022, saboda haka tsohuwar wayar da ba ta kira ta 4G ba za ta yi amfani a can ba, sannan iPhone 14 da aka sayar a Amurka ba ta da ramin sim ko kaɗan.

Abin da mutane suka fi sakaci da shi shi ne tsohon layi. Ta kansa banki ke turo lambar tabbatarwa, kuma kamfanoni sukan rufe layin da ya daɗe ba a taɓa shi ba, su sayar da lambar ga wani. A bar shi a cikin waya, a kashe masa data, a riƙa sa masa ɗan kati lokaci-lokaci. WhatsApp zai ci gaba da aiki da tsohuwar lamba ko an sauya sim, sai dai a Hadaddiyar Daular Larabawa an taƙaita kira ta cikinsa, a Sin kuma an toshe shi, don haka mai zuwa waɗannan ƙasashe ya daidaita da iyalinsa kan wata manhajar tun kafin ya tashi.