Mun bar VMware mun koma Proxmox a kamfanin aika kaya a Jidda

Masu tambayata ko Proxmox, manhajar da ke rarraba babbar kwamfuta ɗaya zuwa ƙanana kamar yadda VMware ke yi, ya isa ya riƙe ƙaramin kamfani sun yi yawa, don haka bari in amsa sau ɗaya. Ya isa, amma da sharaɗin a samu mutumin da zai zauna da shi. Ina aiki ne a wani kamfanin aika kaya a nan Jidda, irin waɗanda ke kwasar kayan alhazai da na 'yan kasuwa, dabino da darduma da abaya da turare, su tura Kano da Yamai da Bur Sudan. Ni ne mai kula da kwamfutocin wurin, kuma yanzu Proxmox ya ga azumi ya ga aikin Hajji a hannunmu, wato lokutan da ake gane ko kayan aiki na da ƙwari ko babu.

Ga wanda bai san harkar ba: maimakon ka sayi kwamfuta guda don lissafin kuɗi, wata don bibiyar kaya, wata don ajiye takardu, sai ka sayi babbar kwamfuta ɗaya mai ƙarfi, wadda ake kira saba, ka sa mata manhajar da za ta rarraba ta zuwa ƙananan kwamfutoci na cikin manhaja. Kamar gidan haya ne: gini ɗaya, mitar wuta ɗaya, amma kowane ɗaki da makullinsa, in wani ya ƙona girkinsa ba ya shafar maƙwabci. Waɗannan ƙananan kwamfutocin su ne ma'aikatan fannin ke kira VM. Mu saba biyu gare mu, tsofaffi amma lafiyayyu, suna ɗauke da manhajar lissafi da fitar da fatura, da ta bibiyar kaya, da ma'ajiyar takardun kwastam, da wasu ƙananan abubuwa.

Shekaru da yawa VMware ne sarkin wannan fage, kuma ban da abin da zan ce game da ingancinsa sai alheri. Abin da ya canja shi ne tsarin sayarwa. A watan Nuwamban 2023 kamfanin Broadcom na Amurka ya kammala sayen VMware a kan kusan dala biliyan 69 idan an haɗa da bashi. Kafin shekarar ta ƙare aka daina sayar da lasisin da kake saye sau ɗaya ya zama naka, aka koma biyan kuɗin shekara-shekara. A Fabrairun 2024 aka janye ESXi na kyauta, wato manhajar VMware da ake sa wa sabar, kodayake an dawo da shi a 2025. Sannan lissafi ya koma bisa yawan ƙwayoyin sarrafa aiki da ke cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kuma kowace furosesa ana ƙirga mata aƙalla 16 ko da ba ta kai ba. Namu kowace saba furosesa biyu ne, kowacce ƙwaya 8. Ke nan 32 muke da su a ƙasa, amma 64 za a rubuta a takarda. Ga banki ko kamfanin mai wannan ba komai ba ne. Ga Alhaji, mai kamfaninmu, wanda yake ƙirga riyal ɗin da aka kashe a kan salatif ɗin ɗaure kwali, magana ce babba.

Da na kai masa shawarar mu koma Proxmox, tambayarsa ta farko ita ce nawa ne. Na ce manhajar kyauta ce. Ya cire gilashinsa ya dube ni, ya ce, "Muhandis, araha fa ba ta ado. Wa zan kama in abin ya tsaya ana tsakiyar fitar da kaya?" Na ce, "Ni za ka kama, Alhaji." Dariya ya yi, amma gaskiyar lamarin ke nan, kuma duk mai niyyar bin wannan hanya ya riƙe wannan tambayar tasa.

Proxmox wani ƙaramin kamfani ne ke yin sa a birnin Biyana na Ostiriya, kuma tun 2008 yake fitowa. An gina shi a kan Debian, wani nau'in tsarin tafiyar da kwamfuta na Linux, yana amfani da KVM, ɓangaren da ke tafiyar da VM, wanda ke cikin Linux tun 2007, don haka ba sabon shiga ba ne. Duk abin da ke cikinsa a buɗe yake ga kowa, babu wani ɓangare da aka kulle sai ka biya. Abin da ake biya shi ne tallafi da kuma damar ɗaukar sabuntawar da aka fi tacewa, kuma ana lissafawa bisa furosesa ne, ba ƙwaya ba. Mataki mafi ƙasa ya ɗan haura yuro 100 a shekara ga kowace furosesa. In ba ka biya ba, duk shigar da za ka yi sai wani ɗan saƙo ya tare ka yana tuna maka ba ka da rajista, ka danna ka wuce. Mu mun biya, don hankalin Alhaji ya kwanta da ganin rasit.

Sanya shi bai ɗauke ni lokacin shan shayi biyu ba. Kana gamawa sai ka buɗe burauza a kowace kwamfuta ta ofis, ka rubuta adireshin sabar da lamba 8006, komai ya bayyana a gabanka. Shafin ba shi da ƙyale-ƙyale, wanda ya saba da vCenter, shafin gudanarwa na VMware, zai ga kamar an rage masa kayan ado, amma abin da kake nema yana inda kake zato.

Inda aikin yake shi ne ƙaura. Tun fitowar 8.2 a Afrilun 2024 akwai hanyar da Proxmox ke haɗuwa da tsohuwar sabar ESXi kai tsaye ya janyo VM ɗinka. Na Linux sun zo sumul. Na Windows su ne masu son lallami. Windows bai san faifan da KVM ke ba shi ba sai an sa masa direbobin VirtIO, wato ƙananan manhajojin da za su sa ya gane shi, in kuwa ka kunna shi haka nan, shuɗin allo zai nuna maka ya ce bai ga faifan da zai tashi da shi ba. Dabarar da kowa ke bi ita ce ka fara tayar da shi da faifan a matsayin SATA, irin da Windows ya riga ya sani, ka liƙa masa wani ɗan ƙaramin faifai na wofi a matsayin VirtIO don ya nemi direban, ka sa, ka kashe, sannan ka mayar da babban faifan. Katin sadarwa ma sabo zai gani, saboda haka adireshin da ka kafa masa da hannu sai ka sake rubutawa. Na yi wannan aikin ne daren Alhamis bayan an tashi daga aiki, ɗakin sabar da sanyin na'ura kamar ya fasa ƙashi, a waje kuma ɗumin Jidda mai danƙo yana jira, ina zaune da rigar sanyi a watan da kowa ke neman inuwa.

Manhajar fatura ce ta fi ba ni tsoro, ba don Proxmox ba, don abin da ke rataye da ita. Tun 4 ga Disamban 2021 hukumar zakka da haraji da kwastam, ZATCA, ta wajabta fitar da fatura ta na'ura, daga farkon 2023 kuma aka fara haɗa kamfanoni rukuni-rukuni da dandalinta na Fatoora. Faturar da za ka ba wani kamfani sai hukumar ta amince da ita kafin ka miƙa, ta ɗaiɗaikun mutane kuma a kai rahotonta cikin awa 24. Ke nan in wannan VM ɗin ta kwanta, ba lissafi kaɗai ya tsaya ba, kaya ma ba sa fita. Kamfanin da ya sayar mana da manhajar, wanda ba zan kama sunansa ba, da jin mun canja sai suka ce su ba su san wannan ba, duk abin da ya faru ruwanmu. Manhajar tasu kuwa ba ta ma san an canja mata gida ba, tana aiki yadda take yi. Sai dai ka san da wannan kafin ka fara: ka tambayi masu manhajarka a rubuce.

Abin da ya fi burge ni ba shi ne ainihin Proxmox ɗin ba, ƙaninsa ne, Proxmox Backup Server, wanda ya fito a 2020. Shi ne ke ɗaukar ajiyar ko-ta-kwana. Karon farko yana kwashe komai, daga nan sai abin da ya canja kawai, kuma duk abin da ya maimaitu sau ɗaya yake ajiye shi, don haka faifai ba ya cika da wuri. Yana iya kulle ajiyar da mabuɗi tun kafin ta bar sabarka, ya kuma tura kwafi wani wuri. Mun ajiye kwafi na biyu a sitonmu da ke wata unguwa daban. Wata rana mai lissafinmu ya goge takardar kuɗin wata kwantena, ya zo yana salati. Na buɗe ajiyar daren jiya, na shiga cikin faifan, na ciro takardar ita kaɗai ba tare da na taɓa sauran ba. Kafin ya gama ba ni labarin yadda abin ya faru ta koma wurinta.

Wanda ya matsa a yi kwafi na biyun abokin aikina ne, Bahaushen Sudan ɗan Mai Wurno. Kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 yana aiki ne a wani kamfani a Khartum, kuma sabarsu da ajiyarsu duk a ɗaki ɗaya suke. Ba su sake ganin ko ɗaya ba. Ba ya yawan magana a kai, amma duk sati sai ya tambaye ni, "Yaya, ka gwada dawo da ajiyar kuwa, ko dai kallonta kake?"

Yanzu abubuwan da ya kamata a sani kafin a yi murna. Saba biyu ba sa isa a yi rukunin da zai tsaya da ƙafarsa, saboda tsarin na aiki ne da rinjayen ƙuri'a, in ɗaya ta mutu ɗayar ba ta da rinjaye. Ana buƙatar ta uku, ko wata 'yar ƙaramar kwamfuta da za ta riƙa jefa ƙuri'a kawai. Mu tsohuwar kwamfutar teburin sakatare muka sa. In za ka yi amfani da ZFS, wani tsarin ajiye bayanai a faifai, yana son ya ga faifai kai tsaye ba ta bayan katin RAID mai haɗa faifai wuri ɗaya ba, yana cin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, sosai, kuma faifan SSD na gida mai araha ba ya daɗewa a hannunsa. Sai batun tallafi: ranakun aikin Ostiriya suke bi, Litinin zuwa Juma'a. Mu kuma a Saudiyya mako Lahadi yake farawa. Ranar da ofis ya fi cika, su suna hutu. Wanda ba zai iya jure wannan ba sai ya nemi kamfanin da ke ba da tallafi a nan kusa. Kuma duk kyan shafin burauzar, wata rana sai ka buɗe baƙin allo ka rubuta umarni da hannu. Wanda ke gudun Linux ya duba Hyper-V, irin wannan manhajar ta Microsoft, musamman in dama ya riga ya biya lasisin Windows Server. Masu kuɗi kuma Nutanix, wani kamfani mai irin wannan manhajar, suke kallo.

Alhaji ya taɓa tambayata me ya sa ba mu kwashe komai mun kai gajimare ba, wato hayar sabobin manyan kamfanoni ta intanet, tun da yanzu a cikin ƙasar ake da shi. Gaskiya ne. Oracle ya buɗe cibiyarsa a nan Jidda tun 2020, Google ya buɗe a Dammam a 2023, Amazon kuma ya sanar a 2024 zai zuba fiye da dala biliyan 5. Dokar kare bayanan mutane, wadda aka fara aiwatarwa sosai a Satumban 2024, ta sa sharuɗɗa kan fitar da bayanai waje, mu kuwa hannunmu cike yake da kwafin fasfo da lambobin wayar mutane, don haka cibiya ta cikin gida abin so ce. Amma aikinmu ba ya hawa ya sauka da yawa, sabobin kuma mun riga mun mallaka. Haya ta wata-wata ba ta da riba gare mu yanzu. Ranar da ƙarfen ya tsufa za a sake lissafi.

Ta fuskar neman abinci, ni dai ina ganin ƙofa a buɗe. Kamfanoni irin namu sun cika Jidda da Makka: ofisoshin Umara, ƙananan asibitoci, makarantu, masu sito. Da yawansu suna zaune a kan tsohon ESXi da wani ya sa musu shekarun baya ya tafi, ba mai sabuntawa, ba mai duba ajiya. Manyan kamfanonin fasaha ba sa waiwayar mai saba biyu. Kuɗin ba a ƙaurar yake ba, wannan aikin 'yan kwanaki ne. Yana cikin kulawar wata-wata: sabuntawa, gwada ajiya, ɗaukar waya ranar Lahadi da safe. Tun da Veeam, sananniyar manhajar ajiyar ko-ta-kwana, ma ya fara tallafa wa Proxmox a 2024, masu ɗari-ɗari sun ragu. Yaro mai son koyo ba ya buƙatar jari mai yawa, tsohuwar saba a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, ko a shagunan titin Khalid bin Walid ta isa ya yi ta ɓatawa yana gyarawa a ɗakinsa. Sai dai a kula da doka. 'Yan'uwanmu Hausawa 'yan ƙasa suna iya karɓar takardar aikin kai su yi abinsu a fili. Baƙo mai iƙama, wato takardar zama, kuwa ba shi da izinin yi wa wani aiki a bayan wanda ya ɗauke shi, hanyarsa ita ce ya shiga kamfanin da ke wannan sana'a, ko ya kai ilimin gida, inda Kano ma ba ta rasa masu bukata ba.

Proxmox 9 ya fito a Agustan 2025, amma mu har yanzu muna kan 8. Na gwada sabon a tsohuwar kwamfuta, ban ga abin ƙi ba, sai dai ba na taɓa sabar fatura daga Sha'aban har alhazai su gama watsewa. Alhaji ya amince a sayo saba ta uku kafin lokacin, da sharaɗin ta hannu ce.