Ƙugiyar kama dutse da igiyoyin nutso: yadda na same su a ruwa mai gudu

Kaya uku na saya tare saboda nutso da tulun iska a wuraren da ruwa ke ja ko yake dagulewa: ƙugiyar kama dutse, kwarkwaro mai zare mita 30 haɗe da doguwar balan-balan ta alama, sai gajeriyar igiyar da mai nutso ke riƙewa tsakaninsa da abokin tafiyarsa. Na yi aiki da su har na san halin kowanne. Biyu ba na shiga ruwa sai da su, ɗaya kuwa yawanci a jaka take kwana.

Ƙugiyar ba wani abin mamaki ba ce a ido. Lanƙwasasshen ƙarfe ne marar tsatsa, bakinsa a dakushe, an ɗaura masa igiya mai tsawon kusan mita 2, a ɗaya ƙarshen kuma akwai maƙali da ake sa wa a zoben rigar iska, wato rigar da mai nutso ke hura wa iska ko ya rage don daidaita kansa a ruwa. Amfaninta sai wanda ya taɓa kokawa da ruwa mai gudu zai gane shi. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka gudun da a tudu ba za ka ma lura da shi ba, a ƙarƙashin teku sai ya sa ka haki, iskar tulunka kuma tana ƙarewa kana kallo. Da ƙugiyar, sai ka nemi rami a jikin dutse, ka soka ta, ka ja ka tabbatar ta kama, sannan ka saki jiki, ka hura 'yar iska kaɗan a rigarka. Sai ka ga ka ɗago sama da dutsen kana lilo, hannuwanka a sake, numfashinka ya koma daidai. A Palau, ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, a wurin nutson da ake kira Blue Corner, da wannan dabarar mutane ke tsayawa a bakin gangaren suna kallon kifayen shak suna kai da komo a gabansu, haka ma a mashigan ruwa na tsibiran Maldibs. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ta hana ni damƙar dutse da hannu da shurin ƙasa da takalman iyo, wanda shi ne ke karya murjani, halittar nan ta teku mai kama da dutse.

Amma fa tana da sharaɗi. Mataccen dutse ake nema, ba murjani mai rai ba, domin abin da ya ɗauki shekaru yana girma ƙugiya za ta ɓalle shi nan take. Wasu wuraren sun hana amfani da ita gaba ɗaya, don haka tambayar jagora kafin a shiga ruwa wajibi ce. Sharaɗi na biyu ya fi tsanani: kafin ka cire ta, ka fitar da iskar da ka hura a riga. Wanda ya cire da rigarsa a kumbure sama zai yi, kuma iskar cikin rigar tana ƙara faɗaɗa yayin da yake tashi, daga zurfin mita 10 zuwa saman ruwa ninkawa take yi. Tashi da sauri irin wannan na iya raunata huhu, ko ya sa iskar naitirojin ta yi kumfa a jini. Akwai kuma ƙananan abubuwan da ba a rubuta a kwalin ba. Idan kana maƙale ka juya kanka gefe, ruwa na iya ture maka gilashin fuska, idan kuma ka fuskance shi kai tsaye yakan danna na'urar numfashi ta riƙa fesar da iska.

Aibin da na samu a tawa maƙalinta ne. Irin mai ƙofar nan ne da ke buɗewa da zarar an danna ta daga waje, wanda ke iya haɗiye duk zaren da ya goge shi ba tare da ka sani ba. Na cire shi na sa mai sakata, wanda ba ya buɗewa sai ka ja da babban yatsa. Kuma a zoben da ke kusa da tsakiyar jiki nake maƙala ta, domin idan a gefe ɗaya take sai ruwa ya riƙa karkatar da mutum.

Kwarkwaron da balan-balan su ne suka fi shiga raina, kuma da za a ce in zaɓi ɗaya cikin kayan nan su zan ɗauka. Ruwa mai gudu ba ya mayar da kai inda ka shiga. Kana iya tasowa nesa da jirgi, kan mutum kuma tsakanin raƙuman ruwa ɗan mitsitsi ne. Idan ka hura balan-balan ɗin tun kana ƙasa ka sake ta, sai ta miƙe tsaye a sama, ruwan lemo jawur, matuƙin jirgi yana bin ta yayin da kai kake tsayuwar kariya ta minti 3 da ake yi a zurfin mita 5 kafin a fito. A dagulallen ruwa kuma, inda ba ka ganin ƙasa ba ka ganin sama, zaren da ke hannunka shi ne ke gaya maka ina ne sama. Wannan kwanciyar hankalin ba ƙarama ba ce. Na ɗaura ƙulli a zaren a daidai mita 5 don in ji shi da yatsa, sai dai idan ruwa na ja zaren karkacewa yake yi, don haka kwamfutar nutso da ake ɗaurawa a hannu ce abin dogaro wajen sanin zurfi.

Kwarkwaron ya zo a cike maƙil, zaren ya rufe ramukan gefen da ake sa maƙali, sai da na yanke 'yan mitoci. Na kuma warware shi har ƙarshe don in tabbatar an ɗaure bakin zaren a jikin kwarkwaron. Kuma kada a taɓa maƙala shi a jiki lokacin sakin balan-balan. Idan zaren ya harɗe, balan-balan ɗin da kai za ta tafi. In a hannu yake, sai ka sake shi kawai.

Igiyar tsakanin abokai ce ban gamsu da ita ba. Gaskiya tana hana rabuwa idan laka ta tashi har ba ka ganin tafin hannunka, kuma ana iya yin magana da ita ta hanyar ja, in an yi yarjejeniya tun a jirgi. Amma duk abin da ya tsaya tsakaninku, dutse ko tsohon koma, sai ta naɗe shi, idan kuma ɗaya ya tashi sama ba shiri sai ya ja ɗan'uwansa. In na ɗauke ta, a hannu muke riƙewa, ba ma ɗaurewa. Sau da yawa tocila mai haske da matsowa kafaɗa da kafaɗa sun wadatar.

Tare da duk waɗannan ina ɗauke da 'yar wuƙar yanke zare a inda kowanne hannu zai kai, domin ƙugiya na iya cijewa a rami ta ƙi fita. Wanda bai riga ya iya daidaita kansa a ruwa ba, ya fara koyon sakin balan-balan a ruwa marar zurfi tare da malami kafin ya sayi ƙugiya. Bayan kowace fita ina jiƙa kayan a ruwan daɗi, in motsa sakatar maƙalan don gishiri ya fita, in shanya zaren a inuwa kafin in naɗe.