Mun kai yara kallon wasan kwaikwayo a dandamali

Na daɗe ina son yarana su ga wasan kwaikwayo ido da ido, ba ta allon waya ba. Sai bana Allah ya nufa, da wani gidan wasa ya shirya wasan iyali albarkacin Ranar Wasan Kwaikwayo ta Duniya, wadda ake yi duk 27 ga Maris tun 1962. Mu biyar muka je, ni da maigida da yara uku.

Ana kashe fitilun zaure, aka bar haske ɗaya tal a kan dandamali, sai wuri ya yi tsit. Babban ɗana, wanda ba ya rabuwa da waya, ya gyara zama bai ƙara motsi ba. A layi na huɗu muke, har gumin goshin 'yar wasan muna gani, muna jin takunta a kan katako. Da aka zo inda take neman ɗanta da ya ɓata, muryarta ta soma rawa, autarmu ta damƙe hannuna ta raɗa mini, "Mama, da gaske kuka take yi?" Ni kaina idona ya cika da ƙwalla. A fim in an yi kuskure a yanke a sake ɗauka, nan kuwa abin da ya fito ya fito. Wani ɗan wasa ya yi tuntuɓe da kujera, nan take ya saka abin cikin zancensa, har yara suka ɗauka haka aka tsara.

Amma akwai gyara. Wasan ya kai awa biyu, hutun tsakiya minti 15 kacal, rabinsa a layin banɗaki muka ƙarar. Ga yarinya 'yar shekara biyar wannan ya yi yawa, kafin a rufe labule ta yi barci a cinyata. 'Yan wasan ba sa amfani da makirufo, don haka in da hali a nemi tikitin gaba-gaba. Kuma an hana ɗaukar hoto, amma babu mai tsawatarwa, hasken wayoyi ya yi ta dukan idon 'yan wasa. Wannan ya ɓata mini rai sosai.

A je da wuri, don da zarar an fara ana rufe ƙofa, wanda ya makara sai an sauya fage zai shiga. Mu dai mun yanke shawarar komawa, amma wasan rana za mu zaɓa saboda auta.